Sabon Kan Allurar Baba Malami

"Ba wagga ba, Lailatu. Jar za ki hwara sawa."

Na saki koriyar wayar na kamo ja da hantsaki. Wayoyin huɗu ne, ja da kore da fari da shuɗi, ba wadda ta fi zaren ɗinki kauri, kuma kowace da ɗan bakin ƙarfe da za a zura a ƙafarta a bayan sabon kan allurar garmaho, na'urar nan ta kiɗan faifai. Baba Malami yana kishingiɗe a tabarma gindin darbejiyar tsakar gida, na tokare masa baya da buhun ƙyallayen shagona, kumburarrun ƙafafunsa a miƙe. Hannunsa rawa yake yi, ko kofin koko ba ya kaiwa baki sai rabi ya zube, amma idonsa bai bar kan yatsuna ba.

"Sannu-sannu, ɗiyata. In kinka tsinke ta babu wata."

"Baba, shekara nawa ina zura zare ga allura?"

"Keken ɗinki daban, garmaho daban."

Tsoho da kayansa sai ka bar shi. Na danna bakin wayar ya shige, na ji ɗan ƙas a yatsana, na kamo koriyar.

Ni tela ce, ina ɗinkin mata a zauren gidanmu a Sabon Birni, can bayan kasuwa. Baba Malami da matarsa Inna Hadiyya maƙwabtana ne. Katangar da ke tsakaninmu ta faɗi tun wata damina, ba wanda ya yi zuciyar tayar da ita, har muka zama gida ɗaya mai zaure ɗaya. Daga wani ƙauye kusa da Gatawa suka zo, shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen. Wasu sun fito da awaki, wasu da buhun gero, wasu da katifa. Shi kuwa garmaho ya ɗauko a ka, ya riƙo hannun matarsa, har yau in an tuna sai an yi masa tsiya. Da garmahon ya ci abinci a ƙuruciyarsa. Yakan ɗaure shi a bayan keke da batirin mota da lasifika, yana bin bukukuwa daga Isa har Burkusuma, kafin kaset ya zo ya kashe masa kasuwa. A wannan gudun ne hannun garmahon ya bugi reshe, kan allurar ya fille. Fayafayansa duk sun ƙone a ɗaki, sai guda ɗaya da ya kwana a kan na'urar.

Inna Hadiyya ta iso Sabon Birni da ƙafarta, amma hankalinta bai iso duka ba. Da farko tukunya take mantawa a wuta, sai sunayen jikoki, daga baya ta manta mijin. In ya shigo sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya masa baya, ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Wane na baƙon ga? Ki ce mashi mai gidan ba shi nan." Ba ta cin abinci in yana kallo. Ba ta yarda ta kwana ɗaki ɗaya da shi, dole ta dawo nawa. Kullum da la'asar takan ƙulle 'yan tsummokaranta ta ce a kai ta gida, mijinta yana jira. Akwai wani ɗan ƙulli a bakin zanenta da ba ta bari kowa ya taɓa, in za a wanke zanen sai ta juya baya ta kwance ta mayar a wani. Mutumin da ya yi shekara arba'in da wani abu da mace, sai ga shi yana sallama a ƙofar gidansa yana tsayawa har ta gama rufe fuska.

Da ciwon ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti aka dawo da shi da ledar magani da shawarar ya rage gishiri. Kowa ya gane. Shi ma ya gane, don ranar ce ya sa aka kira masa Talha, wani ɗan kasuwa mai kai kaya Maraɗi, ya ba shi tsohon kan da ya karye ya ce ya nemo masa irinsa ko ina yake.

Na ce, "Baba, kana hwama da numhwashi, mi za ka yi da kiɗi?"

Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakina, inda Inna ke zaune ta ba mu baya.

"Wanga hwaihwai da yar rage, shi nika hwara sawa duk garin da nis sauka. Shi nika sa mata gida in na komo. In taj ji shi, ƙila ta waigo." Ya numfasa. "Mutuwa ba ta dame ni ba, Lailatu. Ba ni dai son in mutu baƙo cikin gidana."

Tun da aka kawo mini gawar mijina Amiru daga hanyar Isa a bayan a-kori-kura, abubuwa ba su cika shiga ta ba. Ina ci, ina ɗinki, ina amsa gaisuwa. In an ce in yi abu da hannu sai in yi, ya fi mini sauƙi da in zauna ana kallona. Shi ya sa da Talha ya dawo da ɗan kwali bayan an fara fid da rai, kuma aka duba duk unguwar ba mai ƙaramin sukudireba sai na kekena, ban yi gardama ba. Talha ya miƙa mini kwalin da saƙon mai shagon: wannan na zamani ne, ba ya son nauyi, kada a ɗora masa komai. Baba ya ce ya sani, ba yau ya fara ganin allura ba.

Wayoyin kaɗai muka gama a ranar farko. Shuɗiyar ta ba ni wuya, bakinta ya buɗe ba ta kamawa, sai da na ɗan matse shi da hantsaki a kan tsinken tsintsiya. Kafin in ɗago Baba ya yi barci bakinsa a buɗe. Na rufe garmahon da tsohon ɗankwali na koma kan keke.

Washegari aka zo ɗaure sabon kan. 'Yan noti biyu ne ke riƙe kan a jikin hannun garmahon, ƙanana ƙwarai, ɗaya ya faɗi cikin rairayi na tankaɗe rairayin da rariyar gari kafin na same shi. Ramukan da suke shiga dogaye ne, ana iya tura kan gaba ko baya, a karkata shi dama ko hagu. Ni a ganina in ya zauna ya zauna. Baba ya ce sam. Ya sa na yanko kwalin sabulu, na huda shi na zura a tsinken tsakiya inda faifai ke zama, na ja layuka da rular ɗinkina. Sai an sauke allurar a kan layi an leƙa ta sama an ga hancin kan ya bi layin sak, a bakin faifai da kuma can kusa da tsakiya.

"Ya yi?"

"Ya yi, Baba."

"Sa madubi ƙarƙashi in gani."

Na sa ɓallin madubin da nake duba bayan wuyan riga da shi. Ya ɗago da ƙyar ya leƙa.

"Ya kalli gabas. Sassauta."

Na sassauta, na karkato, na ɗaure. Ya ce ya kalli yamma. Haka muka yi ta yi har inuwar darbejiyar ta bar mu. Ya hana in ɗaure noti ɗaya tam in bar ɗaya, wai sai dai kaɗan nan kaɗan can, in ba haka ba kan zai murɗe ina kallo. Gaskiyarsa ce, don sau biyu ya murɗe ina kallo. Duk wannan abin Inna tana can bakin ɗaki tana tsintar tsakuwa a wake, ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba.

A ranar ce Fatu ta iso daga Isa. Ita ce 'yarsu, takan zo in an ce hanya ta yi dama-dama. Ta sauka daga babur ta shigo da ƙullin garin kunu, ta tsaya tana kallonmu, ni durƙushe da sukudireba, ubanta da madubi.

"Baba, kai da aka ce jikin ya matsa? Mutum na kwance haka tasbaha ta kamata shi riƙa, ba kayan kiɗi ba."

Ya ɗaga hannun hagu, tasbahar tana naɗe a wuyan hannun.

"Ga ta. Hannu biyu Allah yab ba ni."

Fatu ta harare ni kamar ni na kawo shawarar. Ta wuce wajen uwarta ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta amsa da fara'a, ta tambaye ta 'yar gidan wa ce. Fatu ta saba, ta faɗi sunan ubanta, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Abu na ƙarshe shi ne nauyi, kuma shi ya fi cin rai. A gindin hannun garmahon akwai wani dunƙulen ƙarfe da ake murzawa gaba ko baya. Da can akwai lambobi a jikinsa, yatsun Baba sun shafe su tun kafin a haife ni.

"Murza shi baya, har hannun shi tashi shi tsaya bisa iska. Kai kar shi yi ƙasa, gindi kar shi yi ƙasa."

Na murza. Hannun ya ɗaga kai sama. Na dawo da shi kaɗan, ya duƙa. Na sake taɓawa, sai ga shi ya tsaya a kwance yana lilo kamar sikelin mai nama. Iska ta ɗan kaɗo ta kwashe shi gefe, dole na kira Fatu ta riƙe zane ta kare mana. Ta riƙe tana tsaki.

"To yanzu ki ba shi nauyi. Gaba, kaɗan."

"Kaɗan nawa?"

Ya sa a kawo masa gyaɗa. Ya zaɓi ƙwaya biyu ya ce in ɗora a kan ɗan yatsan hagu, in tallafi gefen kan allurar da na dama, in rufe ido. In nauyin ya zo ɗaya, shi ke nan. Na ce wannan ai wasan yara ne. Ya ce da wasan yaran ya aurar da rabin Gobir. Na rufe ido, na murza, na auna, na sake murzawa. Can na ji kamar sun zo ɗaya, ko kuma na gaji ne, ban sani ba. Ya ce in ba shi gyaɗar, ya jefa a baki ya kasa taunawa, Fatu ta tara hannu ya tofar.

Bai yarda a gwada a ranar ba. Ya ce da hantsi Inna ta fi natsuwa, kuma yana so a yi masa aski a sa masa riga.

Da safe wanzami ya zo ya tafi. Rigar da aka samu ita ce shuɗiyar da ya fito da ita daga ƙauye, wuyanta ya yi baƙi. Na jawo batirin solar da nake cajin waya da shi, na haɗa, na goge faifan da ƙyallen auduga mai laushi kamar yadda ya nuna mini, ana bin zagayen layin ba a ratsa shi. Takardar tsakiyar faifan ta koɗe, ba a karanta komai. Akwai wani ƙarzon da ya ratsa shi daga gefe, wanda ya samu a hanyar gudun. Inna tana kan kujerarta 'yar tsugune, ta ba mu baya, tana ɓarar gyaɗa a tire. Fatu tana bakin madafa.

"Bismillah. Sauke shi awa kina aje jinjiri."

Na sauke. 'Yar lasifikar da ke jikin garmahon ta yi ƙara kamar ana suya, sannan kalangu ya shigo, sannan muryar wani mutum da mata masu amshi. Kiɗan da ne, irin wanda kakata ke gunguni in tana kaɗi. Ya fito tas, har ni sai da na yi mamaki. Baba bai kalli garmahon ba, bayan matarsa yake kallo.

Hannunta ya tsaya a cikin tire. Ba ta waiwayo ba, amma ta daina ɓara.

Sai allurar ta kai kan ƙarzon. Ta yi tsalle ta koma baya, mawaƙin ya maimaita rabin kalma, ta sake tsalle, ya sake maimaitawa. Haka, haka, haka. Na miƙa hannu zan ɗaga, na ji kwanakin da na yi a durƙushe sun tafi a banza, kuma ban ji haushi ba, na dai ce a raina to shi ke nan.

Tiren ya kife. Inna Hadiyya ta miƙe, mayafin ya zame ya zauna a kan kujera, ba ta ɗauka ba. Ta taho kai tsaye, fuska a buɗe, tana jan bakin zanenta. Ta sa haƙori ta kwance ƙullin nan. Tsohon kwabo ne mai huji, ya yi baƙi. Ta lasa gefe ɗaya, ta duƙa, ta manna shi a kan sabon kan allurar da yatsa biyu, ba ta ko duba ba, kamar mai sa gishiri a miya.

Kan ya nutse. Allurar ta ratsa ƙarzon ta wuce, waƙar ta ci gaba, amma muryar ta yi kauri. Ina kallo siririn ƙarfen da ke riƙe da allurar ya kwanta, cikin kan ya kusa taɓa faifan, wani baƙin gari-gari yana taruwa a bayansa. Na kai hannu in cire. Baba ya damƙi gefen zanena ya ja.

Inna ta riƙe ƙugu ta dube shi.

"Kai dai har abada. In ban ɗora maka ba, ba ka tunawa."

"Na mance," in ji shi. Muryar ba ta fito sosai ba.

"Kullum ka mance. Kuma dibi wuyan rigarka. Da wagga za ka bukin mutane?"

"Ita ag gare ni."

"Tuɓe in wanke. Rana na yi, kahin azahar ta bushe."

Fatu ta taho da sauri ta taimaka aka zare masa rigar. Inna ta karɓa ta rataya a kafaɗa, amma ba ta tafi ba. Ta zauna a bakin tabarmar, wajen ƙafafunsa, ta latsa ɗaya da babban yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Mi yas samu ƙahwahunka?"

"Tahiya ta."

"Na hana ka tuƙa keken ga har Burkusuma, ba ka ji. Wata rana sai an ɗauko ka."

Ta ɗora ƙafar a cinyarta ta shiga matsawa. Shi kuma ya rufe ido. Waƙar tana ta tafiya tana ƙara dishewa, kalangun ya koma kamar ana buga kwali, matan amshin suka shige cikin ƙarar suyar. Kafin a kai tsakiyar faifan ba a jin komai sai shuu. Ba wanda ya ce in kashe, ni ma ban kashe ba, har hannun ya kai ƙarshe ya tsaya yana ƙwas, ƙwas. Inna ce ta miƙa hannu ta ɗaga shi, ta ɓamɓare kwabonta ta mayar a zane.

Ta wanke rigar ta shanya. Ta dama fura da kanta, ta ce wadda Fatu ta dama ta yi ruwa, ta riƙe masa ludayi yana kurɓa tana yi masa faɗan zubarwa. Ta ci ɗumame a gabansa. Fatu tana bayan madafa tana kuka a cikin ɗankwali don kada a ji. Ni kuwa ina zaune da sukudireba a hannu, ina jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji komai ba sai ƙafata da ta yi tsami.

Bayan azahar Inna ta shiga ɗakina ta kwanta. Da ta fito da la'asar ta gan shi a tabarma ba riga, ta yi sauri ta ja mayafi ta juya baya.

"Lailatu, ki ba baƙon ga abin ruhwa. Ba kyau."

Na kwaso rigar daga igiya na sa masa. Na jawo garmahon kusa na nuna masa allurar, ta lanƙwashe ta kalli gefe. Na ɗaga faifan a rana, layukan sun yi fari-fari kamar an bi su da ƙusa.

"Ta mutu, Baba. Hwaihwan ma ya cinye. In Talha za shi koma sai a ba shi saƙon wata."

"A'a."

"To mi za a yi?"

"Ruhe shi. Ya yi aikinai." Ya ɗan huta. "Tsohon kan in ya gaji, ko 'yan rawa sunka girgiza ƙasa, sai da kwabo shika zama. Ni kuma ba ni aje abu in same shi. Ita ka riƙe man." Ya shafa wuyan rigar. "Kin ga ta hita tas."

Daga ranar bai sake tambayar garmahon ba. Ya rage magana, ya rage ci. Inna ba ta sake waiwayarsa ba, amma na lura da abu ɗaya: la'asar takan yi ta wuce ba ta ƙulle kaya ba, ba ta ce a kai ta ko'ina ba. Sai dai ta share tsakar gida ta zauna.

Ran wata Alhamis da hantsi, na zauna ke nan a kan keke zan haɗa hannun wata riga, Fatu ta leƙo zaure.

"Lailatu, zo ki diba man Baba."

Na je na duba. Yana kwance a gefen dama yadda ta juya shi bayan asuba, tasbahar ta zame zuwa gwiwar hannu. Na taɓa wuyansa. Na ce mata sai haƙuri. Ta zauna a ƙasa. Na rufe masa ido, na ɗaure haɓar da ƙyalle, na fita na gaya wa mai shagon ƙofar gida ya sanar a masallaci. Na dawo na cire rigar mutane daga kan keke na ninke, don kada ƙura ta hau.

Maza suka cika zaure. Aka kawo farin yadi, da allurata da zarena suka ɗinka likkafani. Mata suka cika tsakar gida, yawancinsu mutanen ƙauyensu ne da ke warwatse a garin. Inna tana tsakiyarsu tana amsa gaisuwa da fara'a, tana tambaya ko suna ne ake yi. Wasu suka fara muhawarar yadda za ta yi takaba alhali ba ta san an mutu ba. Matar liman ta ce a bar baiwar Allah, ba a bin ta komai.

Da aka gama shiri aka ce iyali su zo su yi masa addu'a su yafe masa kafin a fita da shi. Fatu ta kama hannun uwarta, ni na kama ɗaya. A bakin ɗakin Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta bar ido ɗaya.

"Inna, ki yahe mashi," in ji Fatu.

"Wane na?"

"Baba na, Inna. Mijinki na."

"Ke, bar wasa da baki. Shi ya tahi buki, ni da hannuna niw wanke mai riga." Ta matsa ta leƙa fuskar da aka buɗe mata. Ta daɗe tana kallo. "Allah sarki, baƙon ga na. Bawan Allah mai kunya, bai taɓa shigowa babu sallama ba. Mi yay yi man da za ni yahe? Ko ya yi, na yahe duniya da lahira." Ta juyo gare ni. "Danginai sun sani?"

"Sun sani, Inna."

"To madalla. Mutuwa garin mutane ba daɗi."

Fatu ta saki hannunta ta fita da gudu. Ni na riƙe ɗayan har aka ɗauke shi, aka fita da shi ta zaure, makarar ta goge gefen kekena. A nan ne abu ya shige ni, karo na farko tun Amiru. Na so ƙwarai a ce Baba ya ji abin da Inna ta faɗa, kuma na gode Allah da bai ji ba. Na haɗiye, na je na ɗora ruwan zafi don masu dawowa daga maƙabarta.

Kafin magariba gidan ya watse, don yanzu ba mai son duhu ya same shi a waje. Fatu ta sha maganin ciwon kai ta kwanta a ɗakin uban. Na bi layi da ido, kowa yana jan ƙofarsa, mai shago yana shigar da benci. Na tura ƙyauren zaure na ɗauko sandar da muke tokarewa.

"Kar ki sa."

Inna ce a bayana. Ta ɗauko kujerarta, da kwanon tuwo daga cikin wanda maƙwabta suka aiko, ta rufe shi da murfi ta naɗe da tsumma don kada ya huce.

"Shina hanya. In yat tarad da ƙohwa kulle ba shi bugawa, kwana shikai waje. Kin san halinai."

"Inna, gari ba lahiya."

"Shi ya sa nic ce kar ki sa."

Ta ajiye kujerar a bakin zaure ta zauna, kwanon a cinyarta. Na tsaya da sandar a hannu. Can na jingine ta a bango, na jawo buhun ƙyallaye na zauna kusa da ita. Ƙyauren yana a sakaye, ana ganin ɗan tsagin layi. Aka kira salla. Wani mai keke ya wuce yana sauri, sarƙarsa tana ƙara, ta ɗaga kai ta bi shi da kunne har ya yi nisa, sannan ta gyara tsumman da ke kan kwanon.